Zaɓen makarantar koyon gyaran bindiga: tambayoyi da amsoshi

Me ake koyarwa a irin wannan makaranta?

Sana'ar ta haɗa aikin ƙarfe, sassaƙar itace da sanin yadda sassan bindiga ke aiki tare. A yawancin makarantu ɗalibi yakan fara da magagari, a ba shi guntun ƙarfe ya yi ta gogewa har ya dace da awon da aka gindaya masa, kafin a bar shi ya kusanci injin da ke juya ƙarfe ana yanka shi. Daga nan sai walda, sassaƙa ƙota, daidaita kunama, da baƙanta ƙarfe da sinadari don kare shi daga tsatsa.

Shin karatu ta intanet zai wadatar?

A ganina ba zai wadatar da mai son cin abinci da wannan sana'a ba. Darasin intanet yana da amfani wajen sanin sunayen sassa, tarihin makamai da dokoki, kuma yana taimakon wanda aiki ko iyali suka hana shi barin gida. Sai dai akwai abin da hannu ne kawai ke koyonsa. Idan ana yanka ramin da harsashi ke zama a cikin bututu, ƙaramin kuskure yana iya sa kwanson harsashi ya fashe a kusa da fuskar mai harbi. Malamin da ke tsaye a bayan ɗalibi yakan gane daga ƙarar injin cewa an matsa wa ƙarfen, ya tsayar da aikin nan take, abin da bidiyo ba zai iya ba. Saboda haka tambayar farko da ya kamata a yi wa kowace makaranta ita ce: awa nawa ɗalibi ke yi a kan teburin aiki, kuma ɗalibai nawa ke raba inji ɗaya?

Waɗanne makarantu ne suka daɗe a fagen?

A Amurka, Kwalejin Trinidad da ke jihar Kolorado ta fara wannan kwas a 1947 ƙarƙashin P.O. Ackley, wanda ya yi suna wajen ƙirƙiro nau'o'in harsashi. Akwai kuma Colorado School of Trades a Lakewood, da Pennsylvania Gunsmith School a Pittsburgh, wadda aka kafa a 1949. A Turai an san makarantar Léon Mignon ta birnin Liège a Beljiyam, da ta garin Ferlach a Ostiriya, inda ake ba zanen ado a jikin ƙarfe muhimmanci.

Me kuma za a bincika kafin a biya kuɗi?

A tabbatar cewa hukumar da ke tantance makarantu ta amince da ita, domin a Amurka tallafin karatu na gwamnatin tarayya ya dogara da hakan. A nemi jerin kayan aikin da ɗalibi zai saya da kansa, don sau da yawa kuɗinsu ba ya cikin kuɗin makaranta. Wanda ya samu hali ya je ya ga ɗakin aikin da idonsa, ya kuma tambayi waɗanda suka gama inda suka samu aiki.

Takardar shaidar makaranta tana ba da izinin buɗe shago?

A'a. A Amurka, mai gyara wa jama'a bindiga a matsayin sana'a dole ne ya mallaki lasisin tarayya daga ATF, hukumar da ke kula da dokokin bindigogi, kuma sai ya kai shekara 21, ban da ƙa'idojin jiha da na gari. Wanda doka ta haramta wa riƙe makami ba zai samu lasisin ba. Ɗalibi daga wata ƙasa yana da ƙarin sharaɗi, domin dokar Amurka ta hana masu bizar wucin gadi riƙe bindiga sai a wasu yanayi da ta keɓe. Ya kamata ya samu amsar makarantar a rubuce kan wannan batu, ya kuma binciki ko dokar ƙasarsa za ta bar shi ya yi sana'ar idan ya koma.