Hisabin makarantu a Amurka: yaro ke rubuta jarrabawa, makaranta ke faɗuwa

Duk wanda ya saurari muhawarar ilimi a Amurka zai ji wata kalma tana yawan fitowa daga bakin gwamnoni da kwamishinoni da shugabannin ƙungiyar malamai, wato accountability. Masu fassara kan ce riƙon amana, ko ɗaukar alhaki, ko bin ba'asi. Duk suna kan hanya, amma in ana maganar makarantun gwamnati ni hisabi na fi so, domin a cikinta ne ake samun abu ukun da kalmar ta ƙunsa: akwai ranar da aka tsayar, akwai ma'auni, akwai kuma sakamako mai daɗi ko mai ɗaci.

Abin da ke rikita wanda ya taso a wajenmu shi ne wa ake yi wa hisabin. Mu mun saba da WAEC da NECO, inda yaro ke zama, yaro ke ci, yaro ke faɗuwa, takardar sakamakon kuma ta bi shi har tsufa. Jarrabawar jiha a Amurka ba haka take ba. Yaron aji huɗu zai zauna a watan Afrilu ko Mayu ya amsa tambayoyin karatu da lissafi, a mafi yawan lokuta kuma ko ya ci ko bai ci ba zai wuce aji biyar abinsa. Makinsa ana zuba shi ne cikin na sauran yara a auna makarantar da shi. Wanda gabansa ke faɗuwa ranar da sakamako zai fito shi ne hedimasta, sai malamai, sai shugaban hukumar ilimi ta gundumar. Akwai jihohin da ke hana yaron aji uku wucewa in bai iya karatu ba, irin su Fulorida da Misisipi, amma wannan doka ce ta daban da jihar ta ƙara da kanta.

Me ya sa ake cewa jarrabawar jiha, ba ta ƙasa ba? Saboda kundin tsarin mulkin Amurka bai ba gwamnatin tarayya ikon tafiyar da makarantu ba. Kowace daga jihohi 50 ita ke tsara abin da za a koyar, ta shirya jarrabawarta, ta kuma yanke makin da za a ce yaro ya ƙware. Teksas na da tata mai suna STAAR tun 2012, sauran ma kowa da tasa. Tarayya da kuɗi take shigowa. A 1965 Shugaba Lyndon Johnson, wanda shi kansa ya taɓa koyar da 'ya'yan talakawa a kudancin Teksas, ya sa hannu a dokar da ta fara tura kuɗin tarayya zuwa makarantun da 'ya'yan marasa ƙarfi suka yi yawa. Kuɗin ba shi da yawa, kusan kashi goma cikin ɗari ne na abin da ake kashewa a makarantun gwamnati, amma babu jihar da za ta iya ɗauke kai daga gare shi. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski.

Askin ya zo da ƙarfinsa ranar 8 ga Janairu, 2002, lokacin da George W. Bush ya sa hannu a dokar da aka yi wa suna Kada a Bar Wani Yaro a Baya, wadda aka fi sani da NCLB. Ba aikin jam'iyya ɗaya ba ne, domin Sanata Ted Kennedy na jam'iyyar Dimokurat yana cikin waɗanda suka tsaya mata. Bush daga Teksas ya taho da tsarin, inda ya yi gwamna, ya kuma ɗauko Rod Paige, shugaban makarantun birnin Houston, ya ba shi ma'aikatar ilimi ta ƙasa. A lokacin ana ta yayata cewa Houston ta gano maganin da ya gagari kowa.

Dokar ta ce kowace jiha ta gwada kowane yaro a karatu da lissafi duk shekara daga aji uku zuwa aji takwas, wato daga firamare uku zuwa aji biyu na ƙaramar sakandare a lissafinmu, sannan sau ɗaya a babbar sakandare. Kimiyya kuma sau uku a tsawon karatun yaro. Dole aƙalla kashi 95 cikin ɗari na yaran su zauna, don kada makaranta ta ce wa raunana su yi zamansu a gida ranar jarrabawa.

Sai kuma sharaɗin da a ganina shi ne mafi alheri a dokar baki ɗaya: ba a yarda makaranta ta kawo matsakaicin maki guda ta ce ga shi ba. Sai ta warware sakamakon rukuni-rukuni, na baƙaƙen fata daban, na masu asalin Latin Amurka daban, na 'ya'yan talakawa, na masu buƙata ta musamman, na yaran da ke koyon Turanci. A wannan rukuni na ƙarshe ne ɗan Bahaushen da ya sauka unguwar Bronx daga Kumasi ko Yamai zai sami kansa. Ɗauki makaranta mai yara 600 a unguwar masu hali, 540 suna cin jarrabawa, 60 'ya'yan masu aikin ƙarfi ne kuma rabinsu ba sa iya karanta sakin layi guda. A da, sai a ce makarantar ta yi zarra, a ba hedimasta lambar yabo. Bayan 2002 waɗannan 60 ɗin su kaɗai sun isa su sa a rubuta cewa makarantar ta gaza. Shi ya sa ƙungiyoyin kare haƙƙin baƙar fata da na iyayen naƙasassu suka riƙe jarrabawar shekara-shekara hannu bibbiyu, ko a lokacin da malamai ke kuka da ita.

Inda dokar ta ɗauko dala ba gammo shi ne wa'adinta. Ta ce zuwa 2014 kowane yaro a ƙasar, kashi 100 cikin ɗari, ya zama ya ƙware a karatu da lissafi. Kowace shekara akwai matakin da makaranta za ta taka, matakin kuma yana ta hawa. Makarantar da ke karɓar kuɗin tarayya in ta kasa shekara biyu a jere, dole ta rubuta wa iyaye cewa suna iya mayar da 'ya'yansu wata, gunduma ta biya kuɗin mota. Shekara ta uku, darasin ƙari kyauta. Daga nan sai sauya manhaja ko sauya malamai, har a kai ga rushe shugabancin makarantar, ko miƙa ta ga masu zaman kansu, ko jiha ta karɓe ta. Kafin 2011 ta ƙare, kusan rabin makarantun gwamnati na ƙasar sun shiga sahun waɗanda suka kasa taka matakinsu.

Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Jihohi suka lura cewa su ke da ikon cewa ga abin da ake nufi da ƙwarewa, sai wasu suka sauke ma'aunin ƙasa. A 2005 jihar Tenesi ta sanar cewa kashi 87 na yaran aji takwas sun ƙware a lissafi. Akwai wata jarrabawa ta tarayya mai suna NAEP, wadda tun 1969 ake yi wa samfurin yara kawai, ba ta kuma da hukunci a kan kowa. Da nata sakamakon ya fito, sai ga kashi 21. Yara ɗaya ne, shekara ɗaya, darasi ɗaya. Kallon kitse aka yi wa rogo.

A cikin aji kuma ga yadda abin ke kasancewa. Malama tana da yara 30, an ce mata abin da ake ƙirgawa shi ne yawan waɗanda suka haye layi. Goma sun riga sun haye, ko ta kula su ko ba ta kula ba. Takwas suna can baya, ko ta kwana a kansu ba za su iso bana ba. Sha biyu suna daf da layin, tambaya uku ko huɗu ta raba su da shi. Ina za ta zuba ƙarfinta daga Janairu zuwa Afrilu? Malaman Amurka har suna suke da shi ga irin waɗannan yara na bakin layi, wasu makarantu ma kan jera sunayensu a bangon ofis da launi daban. Yaron da ya shigo aji biyar yana karatun ɗan aji biyu, ya fita yana karatun ɗan aji huɗu, ya yi tafiyar shekara biyu cikin ɗaya, amma a takarda shi da malamarsa duk sun faɗi. Tarihi da zane da kiɗa da wasannin motsa jiki kuwa, tunda ba a ƙirga su, sai aka dinga gutsurar lokacinsu ana ƙara wa lissafi da karatu.

Mafi muni ya faru a Atlanta ta jihar Jojiya. Makin yara ya yi ta tashi shekara bayan shekara, har aka zaɓi shugabar makarantun birnin, Beverly Hall, gwarzuwar shugabannin gundumomi ta ƙasa a 2009. Wata jaridar birnin ta fara tambayar yadda aji zai tashi daga ƙasan jeri zuwa samansa cikin shekara guda. Da aka sa na'ura ta duba takardun amsa, sai aka ga gurbin gogewa ya yi yawa fiye da hankali, kuma kusan kullum daga amsar kuskure ne zuwa ta daidai. Rahoton da gwamnan jihar ya fitar a 2011 ya ambaci malamai da hedimastoci 178 a makarantu 44. An ba da labarin yadda wasu ke taruwa bayan an tashi, ko a gidan ɗayansu a ƙarshen mako, da fensir da magogi, suna gyara amsoshin yara. A 2015 kotu ta sami 11 da laifi ƙarƙashin dokar da aka saba kama gungun 'yan damfara da ita, wasu suka tafi gidan yari. Hall ta musanta zargin har ta rasu a watan Maris na shekarar, ba a kai ga yi mata shari'a ba. Yaran da aka gyara wa takardu su ne suka fi cutuwa, domin an rubuta sun iya, sai aka hana su taimakon da ake ba wanda bai iya ba. Tun a shekarun 1970 wani masanin zamantakewa, Donald Campbell, ya yi gargaɗin cewa duk lambar da aka rataya wa hukunci mai nauyi, mutane za su koma yi wa lambar aiki su bar abin da aka ce ta auna.

Ba a ce dokar ba ta tsinana komai ba. Binciken wasu masana biyu, Thomas Dee da Brian Jacob, ya nuna lissafin yaran aji huɗu ya inganta saboda ita, musamman 'ya'yan talakawa, amma bai ga irin haka a karatu ba. Iyaye dai sun gaji. A 2015 kusan kashi 20 na yaran da ya kamata su zauna jarrabawar jihar New York iyayensu suka hana su.

Ranar 10 ga Disamba, 2015, Barack Obama ya sa hannu a dokar da ta maye gurbinta, ESSA, ita ce kuma ake aiki da ita yanzu. Jarrabawar shekara-shekara tana nan, rarraba sakamako rukuni-rukuni yana nan, sharaɗin kashi 95 ma yana nan. Abin da aka jefar shi ne wa'adin kashi 100 da jerin hukuncin da Washinton ke yankewa. Yanzu jiha ce ke haɗa ma'auninta: makin jarrabawa, ci gaban da yaro ya samu daga bara zuwa bana, yawan masu kammala sakandare, yadda baƙi ke kama Turanci, da aƙalla abu guda da ba jarrabawa ba. Yawancin jihohi fashin makaranta suka zaɓa, wato yawan yaran da ke rasa kashi goma ko fiye na ranakun karatu. Dole jiha ta tantance kashi 5 mafi rauni cikin makarantun da ke cin kuɗin tarayya, da duk sakandaren da sulusin ɗalibanta ko fiye ba sa kammalawa, a yi musu tsarin gyara. Wasu jihohi kan dunƙule duk wannan su ba makaranta harafi guda, daga A zuwa F, salon da Fulorida ta fara a 1999 zamanin gwamna Jeb Bush. Harafin ba a makaranta yake tsayawa ba, dillalan gidaje ma da shi suke talla.

Wanda ya ɗauka an sassauta ke nan, ya dubi Teksas. Dokar jihar ta 2015 ta ce in makaranta guda ta faɗi shekara biyar a jere, dole kwamishinan ilimi ya rufe ta ko ya sauke hukumar gundumar baki ɗaya. Sakandaren Wheatley, tsohuwar makarantar baƙaƙen fata a Houston, ta faɗa cikin wannan tarko. Aka yi shekaru ana shari'a, a tsakani ma Wheatley ta farfaɗo ta sami makin wucewa, amma a Janairun 2023 kotun ƙolin jihar ta share wa kwamishina Mike Morath hanya. A watan Yuni na shekarar ya sauke wakilan da jama'ar birnin suka zaɓa, ya naɗa nasa, ya ɗora Mike Miles a kan gunduma mafi girma a jihar, mai makarantu sama da 270, kan kujerar da Rod Paige ya tashi daga kanta ya tafi Washinton a 2001.