Gurbin Injiniyanci: Tambayoyin Da Ake Kawo Mini Ƙofar Gida A Bauchi

Ina koyar da Fiziks a wata sakandare a cikin garin Bauchi. Duk shekara, da zarar JAMB ta saki sakamako, tabarmar ƙofar gidana ba ta rabuwa da baƙi tsakanin Magariba da Isha'i. Wani ɗalibi ne da waya a hannu, wani kuma uba ne da ya taso daga Alkaleri ko Darazo da takardun ɗansa a cikin leda. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da amsoshin da nake bayarwa.

Malam, na ci 220 a JAMB, an kuma ce 150 ne makin shiga jami'a. Me ya sa shiru har yanzu?

Makin 150 da aka tsayar a shekarar 2025 shi ne mafi ƙarancin abin da jami'a za ta iya karɓa. Ita jami'ar tana da ikon ɗaga nata, kowane sashe kuma yana yanke nasa gwargwadon yawan masu nema da kujerun da yake da su. Injiniyanci na cikin kwasa-kwasan da ake rububi a kansu, don haka 220 cikin 400 tana iya shigar da kai wani sashe, ta kasa shigar da kai na kusa da shi.

Sannan ba makin JAMB kaɗai ake dubawa ba. Ana haɗa shi da tantancewar da jami'ar ke yi da kanta, da sakamakonka na WAEC, NECO ko NABTEB. Dole ka samu kiredit biyar, ciki har da Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe gida uku: kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki daga ko'ina a ƙasar, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, waɗanda Bauchi da Gombe na cikinsu. Wannan dama ce gare mu, amma a cikin kowane kaso ma da maki ake jera mutane.

Kafin ka fara zargin kowa, ɗana, ka duba abu biyu. Shin jami'ar ce zaɓinka na farko? Shin an ɗora sakamakonka na sakandare a shafin JAMB? Na ga yaro mai maki mai kyau da ya rasa shekara guda cur saboda ya yi rajista yana jiran sakamako, da ya fito kuma bai koma cibiyar CBT, inda ake rajistar JAMB, an ɗora masa ba. Har yau abin yana ci mini rai, don aikin bai fi na minti goma ba.

Wani ya ce yana da hanya a jami'a, zai samo mini gurbi idan na kawo wani abu. In ba shi?

Kada ka ba shi ko sisi. Tun 2017 JAMB ta kawo tsarin CAPS, ta nan kowane gurbi na halal yake bi: jami'a ta gabatar da sunanka, JAMB ta amince, kai kuma ka shiga shafinka ka karɓa da hannunka. Gurbin da bai bi ta nan ba, ko ka yi shekara biyar kana zuwa aji, za ka sha wuya ranar da za a tura 'yan ajinku bautar ƙasa. Kuma kada ka bar wa mai shagon intanet lambar sirrinka, don yana iya danna karɓa ko ƙi ba da saninka ba.

Injiniyan gine-gine na nema, sai aka ba ni injiniyan noma. In karɓa ko in jira baɗi?

Ka fara sanin cewa idan ka karɓa, an rufe maka sauran ƙofofi na wannan shekarar. Ka kuma cire ran cewa za ka shiga ka canza daga baya. Ana canzawa, amma sai da maki mai ƙarfi a shekarar farko da kuma gurbi a inda kake so, biyun kuma ba kullum suke haɗuwa ba.

Ni dai idan injiniyan noma aka ba ka, zan ce ka yi tunani sosai kafin ka ƙi. Yara suna raina kwas ɗin saboda sunansa, alhali a cikinsa ake koyon injinan ban ruwa, madatsu, na'urorin sussuka da casa, da ajiyar amfanin gona. Dubi noman rani a Dadin Kowa ta jihar Gombe, dubi yadda tumatir ke ruɓewa a kwando kafin ya isa kasuwa. Aiki ne jibge yana jiran mai ilimi. Amma idan kwas ɗin da aka ba ka ya fita daga injiniyanci gaba ɗaya, kuma zuciyarka ba ta kwanta ba, shekararka ba ta ja ba, to sake zama JAMB ko yin IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a na shekara ɗaya, ka shiga aji biyu kai tsaye ba abin kunya ba ne.

Malam, ɗana yana so ya tafi Zariya ko Kano, ni kuma ina ganin ga ATBU, Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, a gida. Wanne ya fi?

Baba, wannan ita ce tambayar da na fi so a zauna a kanta, don a nan aka fi yin kuskure. Mutane suna zaɓen sunan jami'a, alhali yaro a sashe ɗaya zai yi shekara biyar ɗinsa, da malaman wannan sashen da injinan da ke ɗakin gwajinsa. Jami'a tana iya yin suna a ƙasa baki ɗaya, amma sashen da ɗanka zai shiga ya kasance mai rauni. Akasin haka ma yana faruwa.

ABU Zariya, wadda aka kafa a 1962, tsohuwa ce a harkar injiniyanci, kuma tsofaffin ɗalibanta sun cika ma'aikatu. BUK ma tana da ƙarfi, haka Jami'ar Maiduguri da ta Modibbo Adama a Yola suna yaye injiniyoyi. Ita ATBU an kafa ta ne a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, aka haɗe ta da ABU a 1984, ta dawo da 'yancinta a 1988 da sunan Abubakar Tafawa Balewa. Injiniyanci shi ne ƙashin bayanta tun asali. Tana da sashen gine-gine, lantarki, injina, sinadarai, man fetur, noma, motoci, kwamfuta da sadarwa, da mekatironiks, wato haɗakar ilimin injina, lantarki da kwamfuta. Kusancinta da gida ya sa wasunmu ba sa ganin girmanta.

Abin da zan roƙe ka shi ne ka yi abu uku kafin rajista. Na farko, ka tabbatar sashen yana da amincewar NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, da ta COREN, hukumar da aka kafa a 1970 don kula da aikin injiniya a Najeriya. Sashe sashe ake ba da amincewar, ba a ba jami'a dunƙule, kuma wanda ya gama a sashen da COREN ba ta amince da shi ba zai gamu da cikas ranar da zai nemi rajistar zama cikakken injiniya.

Na biyu, ku je da ƙafarku. Daga Wunti zuwa harabar ATBU da ke Yelwa kuɗin Keke Napep ne kawai. Kada ku tsaya a ofis. Ku nemi ɗan aji huɗu ko biyar a gindin bishiya, yaron ya tambaye shi: sau nawa ka kunna injin gurza ƙarfe da hannunka? Mutum nawa ne a kan na'ura ɗaya ranar gwaji? Idan an ɗauke wuta, ana tayar da janareta ko a tashi? Na taɓa raka wani ɗalibina irin wannan ziyarar a wata makaranta. Muka leƙa ta taga muka ga injina jere, an lulluɓe su da leda, ƙura ta yi kauri a kai har wani ya rubuta sunansa da yatsa. Yaron bai ce komai ba, washegari ya je ya canza zaɓinsa.

Na uku, ka yi lissafin aljihunka na shekara biyar, ba na shekarar farko kaɗai ba: haya, abinci, kuɗin mota duk hutu, kwamfuta, da kuɗin aikin kammalawa. Ka tuna a 2022 yajin aikin ASUU ya kai wata takwas, masu haya a garin wasu suka yi ta biyan ɗakin da ba kowa a ciki. Idan kana da hali kuma yaron natsattse ne, fita tana buɗe ido, ba na hana ta. Amma yaron da ke Zariya yana tunanin abin da zai ci da dare ba zai fi wanda ke Yelwa da cikinsa a ƙoshe fahimtar lissafi ba.

Tunda an samu mai a Kolmani, ba gara in yi injiniyan man fetur ba?

Tun da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a Nuwamban 2022, yara da yawa suka karkata can. Kwas ne mai kyau, sai dai ƙofarsa ɗaya ce. Kamfanin mai yana ɗaukar injiniyan injina, na lantarki, na sinadarai da na gine-gine, su kuma waɗannan suna iya aiki a kamfanin siminti na Ashaka, ko tashar wutar Dadin Kowa, ko aikin hanya. Idan ba son ilimin ƙarƙashin ƙasa ne ya ja ka ba, albashin kawai kake hange, ka ɗauki mai faɗin.

Jami'a ba ta samu ba, amma Poli ta ba ni. Ban faɗo ba kuwa?

Ba ka faɗo ba. Poli ta tarayya da ke Gwallameji da ta Tatari Ali sun yaye mutanen da hannunsu ya san aiki. Shekara biyu ka samu ND, ka yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, ka dawo shekara biyu ka yi HND. Gaskiyar da ba zan ɓoye maka ba ita ce har yanzu ana nuna bambanci a wurin ɗaukar aiki, kuma COREN tana yi wa mai HND rajista ne a matakin masanin fasaha, sai ya ƙara difloma ta gaba da digiri kafin ya nemi matakin injiniya. Idan digiri kake so, ka dage ka fito da sakamako mai ƙarfi a ND, ka sayi fom ɗin shiga kai tsaye na JAMB, ka fara daga aji biyu. Irin waɗannan ɗaliban sukan fi 'yan ajinsu sakewa a ɗakin gwaji.

Malam, 'yata ce ta nace sai injiniyan lantarki. Mace za ta iya?

Hajiya, za ta iya. Idan Lissafi da Fiziks ɗinta suna da kyau, ki bar ta. Abin da za ki bincika shi ne ɗakin kwanan mata a cikin makaranta, da inda za ta yi wata shida na SIWES, wato koyon aiki a ma'aikata, a aji huɗu, a fara nema mata wuri mai mutunci da wuri.

Idan an ba shi gurbin kuma kuɗin rajista ya gagara fa?

Ya fara karɓar gurbin a CAPS tukuna, ya fitar da takardar shaidar JAMB ya adana. Tun 2024 akwai bashin karatu na NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati, ba ruwa a kansa. Ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ɗalibi kuma yana iya neman naira 20,000 duk wata na ɗawainiya, biya sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa. Ana buƙatar lambar JAMB, NIN, BVN da asusun banki mai sunansa. Tun yanzu ku zauna ku jera takardun a kan tabarma ku duba sunan harafi bayan harafi. Idan Muhammad ne a NIN, Mohammed a JAMB, a je a gyara kafin a fara cike fom.