Shin tun asali Ingila ta yarda da masu neman jinsi ɗaya?

An daɗe ana cewa tun fil'azal Turawan Ingila ba su ɗauki neman jinsi ɗaya a bakin komai ba, musamman a tsofaffin jami'o'insu irin Okusfod da Kambirij. Wanda ya dubi yadda ƙasar take a yau ba za a ga laifinsa ba in ya zaci haka, amma tarihi bai nuna hakan ba.

Dokar da aka kafa a Ingila a shekarar 1533 kisa ta tanada ga luwaɗi, kuma sai a 1861 aka soke hukuncin kisan. Oscar Wilde, marubucin da ya yi karatu a Okusfod, ɗaurin shekara biyu da aikin wahala aka yanke masa a 1895. Alan Turing kuwa, masanin lissafin da ya yi karatu a Kambirij, wanda ya taimaka wajen warware saƙonnin sirrin Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, an same shi da laifi a 1952, aka yi ta yi masa allurar rage sha'awa a madadin kurkuku. Iliminsa bai cece shi ba. Sai a 1967 aka sassauta dokar a Ingila da Wales.

Waɗannan dokoki da tsofaffin bayanan kotu suna intanet. A nemi shekarar, a karanta asalin rubutun. Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.