Kiran salula ba ta tauraron ɗan'adam yake bi ba

A Damagaram, daga Birni har Zango, mutane da yawa sun daɗe da ɗauka cewa duk kiran salula ko saƙon WhatsApp sai ya hau tauraron ɗan'adam kafin ya sauko. Ba haka ba ne. Da eriyar kamfani mafi kusa salula take magana, shi ya sa rezo ke ɗaukewa idan an nausa daji, alhali sama tana nan inda take. Daga eriya kuwa, yawancin saƙonni ta wayoyin gilashi na ƙarƙashin ƙasa da teku suke wucewa. Da wasunsu suka tsinke a gaɓar Kodebuwa cikin watan Maris na 2024, intanet ta yi rauni har a Nijar, ƙasar da ba ta da teku.