Koya wa yaran firamare al'adun duniya da girmama juna: tambayoyi da amsoshi

Yaran firamare ba su yi ƙanƙanta da wannan magana ba?

Ba su yi ba. Yaro yana ganin bambanci tun kafin ya iya faɗinsa. Masu bincike kan jarirai sun gano cewa daga wajen wata uku jariri yakan fi tsura ido ga fuskokin da suka yi kama da waɗanda ya saba gani. Wannan sabo ne kawai, babu ƙiyayya a ciki. Abin da manya suka ɗora a kan sabon shi ne matsalar.

A shekarun 1940, wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Kenneth Clark da matarsa Mamie, sun ajiye 'yartsana fara da baƙa a gaban yara baƙaƙen fata 'yan shekara 3 zuwa 7, suka tambaye su wacce ce mai kyau. Da yawansu suka nuna farar. Babu malamin da ya karantar da su haka a aji, a iskar gari suka shaƙa. Kotun Ƙolin Amurka ta ambaci aikin Clark a hukuncinta na 1954 da ya haramta raba makarantu bisa launin fata. Don haka malamin da ya ce zai jira sai yara sun yi wayo, ya sani wasu sun riga shi fara darasin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Makarantu da yawa suna yin ranar al'adu sau ɗaya a shekara. Wannan bai wadatar ba?

Ranar tana da daɗi, yara suna murna da ita, kuma ba na cewa a daina. Amma idan ita kaɗai ce, tana iya yin ɓarna. Wata malama 'yar Amurka, Louise Derman-Sparks, ta kira irin wannan koyarwa manhajar 'yan yawon buɗe ido a 1989: a leƙa wata al'umma na yini ɗaya, a ga tufafin biki da rawa, a dawo gida. Abin da yaro yake tafiya da shi shi ne, su can mutanen ado ne da abin mamaki, mu kuwa mu ne mutane na gaske. Yaron da bai taɓa ganin hoton ɗan Japan sanye da riga da wando yana gudu kada ya makara makaranta ba, zai ɗauka kullum cikin kayan gargajiya suke yawo.

To me ya kamata a nuna musu?

A fara da abin da kowane yaro ya sani a jikinsa: gaisuwa, wurin kwana, wasa, hanyar makaranta, wanda yake ba shi labari da dare. Sai a nuna yadda wasu suke biyan buƙatar nan. A Japan ana sunkuyawa wajen gaisuwa, a Indiya ana haɗa tafukan hannu a ƙirji, 'yan ƙabilar Maori na New Zealand kuwa suna haɗa hanci da goshi. Makiyayan Mongoliya suna zama a zagayayyen tanti da za a iya kwancewa a ɗora wa dabba ko mota, saboda kiwo ba ya barin mutum wuri ɗaya. A wasu yankunan Bangladesh da ambaliya take cinye hanya, jirgin ruwa ne ajin, shi ne yake bin gaɓa yana ɗaukar ɗalibai. A makarantun Japan yara ne suke share ajinsu da goge bene da kansu.

Kowane misali a bi shi da tambaya ɗaya: me ya sa? Yaron da ya gano cewa ambaliya ce ta mayar da aji cikin jirgi ya daina dariya, ya fara tunanin yadda shi zai yi da a ce can aka haife shi.

Taswirar da take jikin bango ma tana koyarwa ba tare da ta yi magana ba. Wadda aka fi sani, ta wani mai zana taswira da ake kira Mercator, an zana ta a 1569 don amfanin matuƙa jirgin ruwa, kuma tana kumbura ƙasashen da suke nesa da tsakiyar duniya. A kanta tsibirin Greenland da ke can arewacin duniya yana kusan kai girman Afirka, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. A ajiye ƙwallon duniya kusa da ita yara su gwada da idonsu.

Idan yaro ya san al'adun wasu, shi ke nan zai girmama su?

Ba lallai ba, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Mutum yana iya haddace sunayen bukukuwan wata al'umma ya ci gaba da raina 'ya'yanta. Masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport, a littafinsa na 1954 kan ƙyamar juna, ya ce cuɗanya tana rage ƙyama idan aka cika wasu sharuɗɗa: ɓangarorin su zama daidai a matsayi, burinsu ya zama ɗaya, su yi aikin tare ba gasa ba, kuma masu iko da wurin su mara wa abin baya.

A shekarar ce kuma wani masanin, Muzafer Sherif, da abokan aikinsa suka kai yara maza 22 'yan kimanin shekara 11 wani sansani a jihar Oklahoma ta Amurka, suka raba su gida biyu, suka haɗa su gasa. Ba a daɗe ba aka fara zage-zage da ƙona tuta da kai hari ɗakunan kwana. Da aka zaunar da su cin abinci tare don su shirya, sai suka koma jifan juna da abincin. Abin da ya sauko da su shi ne matsalar da ta shafi kowa: ruwan sansanin ya ɗauke, dole suka haɗu neman inda ya toshe, motar da za ta ɗauko abinci ta ƙi tashi, dole dukkansu suka kama igiya suka ja.

Wani masanin kuma, Elliot Aronson, ya shigo da wannan cikin aji a 1971 a birnin Austin na jihar Texas a Amurka, lokacin da aka haɗa yara farare da baƙaƙe da 'yan asalin Meziko a makaranta ɗaya, rikici ya yi ta tashi. Ya raba aji ƙungiya-ƙungiya, mutum biyar ko shida gauraye, ya yanka darasi gunduwa-gunduwa, ya ba kowane yaro nasa yankin. Jarrabawa kuwa a kan darasin duka za a yi. Yaron da a da ake yi wa dariya saboda yana tuntuɓe da Turanci, yanzu a hannunsa kaɗai wani yankin darasin yake. Wanda ya katse shi, kansa ya cuta. Cikin makonni yaran suka fara sauraron juna, suka kuma ƙara son makaranta. A ganina babu wata dabara da ta fi wannan arha da amfani, don allo da takarda kawai take buƙata.

Me malami zai yi idan yaro ya yi wa wani ba'a kan sunansa ko harshensa ko launinsa?

Kada ya yi kamar bai ji ba, domin yara suna ɗaukar shirun malami a matsayin izini. Kada kuma ya tozarta mai ba'ar a gaban aji, don sai ya koyi ɓoyewa kawai. A ce sabuwar ɗaliba ta faɗi sunanta, wani ya kwaikwaye ta, aji ya fashe da dariya. Malama ta dakatar da darasi ta ce, "A ajin nan ba ma wasa da sunan mutum." Sai ta juya ga yarinyar: "Sake faɗa mini a hankali, ina so in iya shi daidai." Ta maimaita har sai yarinyar ta gyaɗa kai. Bayan an tashi ta kira yaron gefe ta tambaye shi inda ya ji maganar, da yadda zai ji in sunan da iyayensa suka raɗa masa ne aka mayar abin dariya.

Abu ɗaya da za a kiyaye: kada a mayar da yaro wakilin ƙabilarsa ko addininsa, a riƙa tsayar da shi ya yi wa aji bayanin mutanensu. In ya so da kansa, madalla. In bai so ba, a bar shi ya zama ɗalibi kamar kowa.

Iyaye suna tsoron yaro zai raina tarbiyyar gidansu ko ya rikice a addininsa. Tsoron yana da tushe?

Tsoro ne na mai ƙaunar ɗansa, bai kamata a yi watsi da shi ba. Amsarsa ita ce a bambanta koyar da yaro game da abu da sa shi ya aikata abin. Yaro yana iya sanin dalilin da ya sa abokinsa yake azumi ko yake hutu wata rana, ba tare da an sa shi ibadar da ba tasa ba. Makarantar da ta tsallake wannan iyaka ita ta yi laifi. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, a sashe na 29, ta jero abin a tare: ilimi ya gina wa yaro girmama iyayensa, da al'adarsa da harshensa, da ƙasarsa, da kuma al'ummomin da suka bambanta da tasa. Na gida aka fara ambata. Malami ya sanar da iyaye abin da zai koyar tun kafin ya fara, ya kuma buɗe musu ƙofa su zo su gani.

Kowace al'ada ce za a ce yaro ya girmama?

Mutum ake girmamawa ba tare da sharaɗi ba. Al'adar da take cutarwa kuwa ana iya cewa tana cutarwa. An yi ɗaruruwan shekaru ana ɗaure ƙafafun 'yan mata a China don su tsaya ƙanana, kuma 'yan ƙasar da kansu suka tashi suka yaƙi abin har aka haramta shi a 1912. Yaran aji biyar da shida suna iya fahimtar cewa kowace al'umma tana gyara kanta.

Idan ɗaliban aji duk yare ɗaya ne da addini ɗaya, kuma makarantar ba ta da hali fa?

Su ne suka fi buƙata, tunda babu wanda zai gyara musu abin da suka ji a waje. Musayar wasiƙa da wani aji a wani yanki tana aiki ko da sau ɗaya ne a zango. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tana da haɗakar makarantu tun 1953 don irin wannan zumunci, da dubban makarantu a ƙasashe fiye da 180. Ranar Harshen Uwa ta Duniya, 21 ga Fabrairu, dama ce ta gaya wa yara cewa ana magana da harsuna kusan 7,000 a duniya, fiye da 800 daga ciki a Papua New Guinea kaɗai, kuma ranar ta samo asali ne daga ɗaliban da aka harbe a Dhaka, babban birnin Bangladesh na yanzu, a 1952 suna neman a amince da harshensu na Bangla. Sai a ba kowane yaro aikin gida: ya nemo yadda ake cewa na gode a harshen da ba nasa ba, ya zo ya koya wa aji.