Rayuwar 'Yan Mishan a Ƙasashen Waje a Lokacin Annoba

'Yan mishan su ne mutanen da wata majami'a ko ƙungiyar addinin Kirista kan aika zuwa ƙasar da ba tasu ba domin wa'azi, koyarwa ko aikin asibiti, kuma sukan zauna shekaru masu yawa a cikin al'ummar da aka kai su. Zamansu ya dogara ne a kan abubuwa uku: damar tafiya tsakanin gida da wurin aiki, kuɗin da masu tallafa musu ke aikowa, da kuma cuɗanya da jama'a ido da ido. Annoba takan taɓa dukan ukun a lokaci guda, shi ya sa halin da sukan shiga ya bambanta da na sauran baƙi.

A ƙasar Katsina an san su ne tun farko ta hanyar jinya. A ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, ƙungiyar 'yan mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ta kama aikin kula da kutare a Babbar Ruga, kamar yadda ta yi a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato. Daga baya gwamnati ta karɓi asibitin Babbar Ruga, wanda a yau ya shahara da aikin yoyon fitsari. A tsallaken iyaka kuma, ƙungiyar ta buɗe asibitin Galmi a Nijar a 1950, kuma tana da cibiyar kutare a Danja kusa da Maraɗi. Cuta ba baƙuwa ba ce a tarihinsu, domin daga cikin mutum uku da suka kafa ƙungiyar a 1893, biyu, wato Walter Gowans da Thomas Kent, rashin lafiya ce ta kashe su a shekarar da ta biyo baya.

Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris, 2020, tambayar farko da ta fuskanci kowane ɗan mishan ita ce ya zauna ko ya koma gida. Lokacin yanke shawara kuwa gajere ne, domin Amurka ta shawarci 'yan ƙasarta su dawo ranar 19 ga Maris, Nijeriya kuma ta rufe filayen jiragenta ga zirga-zirgar ƙasa da ƙasa ranar 23 ga watan, ba a sake buɗewa ba sai 5 ga Satumba. Tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini suna da hujjar tafiya, to amma likita ko ma'aikaciyar jinya da ta bar marasa lafiya a daidai lokacin da aka fi bukatarta ta san cewa jama'a ba za su manta ba. Wannan nauyi ba sabo ba ne a gare su, tunda a annobar Ebola ta 2014 ma'aikatan mishan biyu 'yan Amurka, Kent Brantly da Nancy Writebol, sun kamu a Monrobiya ta Laberiya aka kwashe su zuwa Atlanta ta Amurka, abin da ya sa mutane da dama suka yi ta tambayar makomar abokan aikinsu 'yan ƙasa waɗanda babu jirgin da zai zo ɗaukarsu. Tambaya ce mai hujja, kuma ta sake tasowa a 2020.

Waɗanda suka zauna sun shiga halin da maƙwabtansu suka shiga, har da ƙari. A Jihar Katsina cutar ta fara bayyana ne a Daura a farkon Afrilu, inda wani likita ya rasu, gwamnatin Aminu Bello Masari kuma ta sanya dokar kulle a garin. An taƙaita tarukan ibada, bikin Ista na 12 ga Afrilu da azumin da ya kama a ƙarshen watan duk suka zo cikin takura. Ga mutumin da aikinsa ya ginu a kan gaisuwa, ziyarar gida, zaman makoki da halartar suna, hana haɗuwa tamkar ɗaure masa hannu ne. Wasu sun koma wa'azi da karatu ta WhatsApp da Zoom, sai dai a ƙauyukan da wutar lantarki da intanet ba su wadata ba, rediyo da kiran waya ne suka yi amfani. Iyakokin ƙasa ma a rufe suke tun Agustan 2019, ta Jibiya kuwa ba a buɗe ta ba sai 2022, don haka hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta yi wuya ga masu aiki a ɓangarorin biyu.

Matsalar kuɗi ta biyo baya. Yawancin 'yan mishan ba albashin gwamnati suke ci ba, baikon masu ibada a ƙasashensu ne ke riƙe su, kuma da aka rufe majami'u a Turai da Amurka mutane suka rasa ayyuka, sai tallafin wasu ya ragu, alhali farashin abinci da magani na hauhawa a nan. Hutun da sukan je gida domin ganin dangi da neman sababbin masu tallafi ya gagara. Takardun izinin zama na wasu sun ƙare ofisoshi na rufe, waɗanda annobar ta rutsa da su a gida kuma suka kasa dawowa watanni. Yaransu da ke makarantu irin Hillcrest ta Jos sun koma karatu a ɗaka. Mafi ciwo shi ne rasuwar iyaye a can nesa, a yi jana'iza mutum yana kallo ta waya.

A ƙasar Katsina akwai kuma rashin tsaro, wanda ya hana shiga ƙauyukan Batsari, Faskari da Ƙanƙara, inda aka sace ɗalibai sama da 300 a Disambar 2020. Tun kafin annobar ma Turawan mishan sun yi ƙaranci ƙwarai a jihar, aikin ya koma hannun 'yan ƙasa, musamman na ECWA, majami'ar da ta samo asali daga SIM aka kafa ta a 1954, da Angilika da Katolika. Su ne suka riƙe aikin a watannin kulle. A Oktoban 2023 aka ba Katsina nata yankin bishop na Katolika, aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, ya shugabance shi.