Lambar Dirac ta Cibiyar ICTP

Lambar Dirac lambar yabo ce da Cibiyar Abdus Salam ta Ƙasa da Ƙasa don Nazarin Fiziks, wadda aka fi sani da ICTP, ke bayarwa kowace shekara ga masanan da suka yi fice a fiziks na nazari da na lissafi. Cibiyar tana birnin Trieste na Italiya. Abdus Salam, ɗan Pakistan da ya ci kyautar Nobel a 1979, shi ya kafa ta a 1964 domin masana daga ƙasashe masu tasowa su samu wurin aiki da abokan bincike. Har yau ɗalibai daga Afirka, har da Najeriya, suna zuwa can karatu.

An fara bayar da lambar a 1985, shekara guda bayan rasuwar Paul Dirac, masanin Ingila da aka sa mata sunansa. Ana sanar da waɗanda suka ci ranar 8 ga Agusta, ranar haihuwarsa a 1902. Sunan ya dace da irin aikin da ake karramawa. A 1928 Dirac ya rubuta wani lissafi game da ƙwayar ilektiron, lissafin kuma ya nuna cewa akwai wata ƙwaya mai nauyi ɗaya da ita amma mai kishiyar caji, wadda babu wanda ya taɓa gani. A 1932 Carl Anderson ya gano ta a gwaji, aka kira ta fositiron. Alƙalami ya riga na'ura.

Waɗanda suka fara karɓa su ne Yakov Zeldovich na Tarayyar Sobiyat da Edward Witten na Amurka. Helen Quinn ce mace ta farko, a 2000, tare da Howard Georgi da Jogesh Pati. A 2002 aka bai wa Alan Guth da Andrei Linde da Paul Steinhardt saboda ra'ayin cewa sararin samaniya ya buɗe da gudu mai tsanani a farkon samuwarsa.

Abin da ya bambanta lambar shi ne ƙa'idar da aka kafa ta a kai: ba a ba wanda ya riga ya ci Nobel ko lambar Fields ta masana lissafi ko kyautar Wolf ta kimiyya. Wannan ya tilasta wa kwamitin zaɓe ya nemi aikin da duniya ba ta gama shaida shi ba, kuma zaɓin nasu ya sha tabbata. Witten ya ci Fields a 1990. David Gross, wanda ya karɓi Dirac a 1988, da Frank Wilczek na 1994 sun raba Nobel a 2004. Yoichiro Nambu ya jira Nobel daga 1986, shekarar da ya karɓi Dirac, har 2008, Giorgio Parisi kuwa daga 1999 zuwa 2021.

Akwai kuma waɗanda Nobel ba ta kai gare su ba, domin kwamitinta kan jira gwaji ya tabbatar da ra'ayi. Michael Green da John Schwarz, da aka karrama a 1989 kan nazarin da ke ɗaukar ƙwayoyi irin su ilektiron a matsayin ƙananan zaruruwa masu rawa, suna cikinsu. Ga irinsu wannan lamba tana da nauyi na gaske.

Cibiyar Fiziks ta Birtaniya ma tana da tata lambar mai sunan Dirac, wadda Stephen Hawking ya fara karɓa a 1987.